Na'urar da Ya Bari a Kunne

Da hantsi labarin ya iso. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa a faranti, sai na ji sallamar Yaya Malam daga zaure. Shi ne wan maigidana. A Masanawa yake zaune yana koyarwa, kuma tun da aka kawo ni gidan nan na Gwarzo ban taɓa ganin ya bar ɗalibansa da safe ya zo ba. Na amsa, na ja mayafi, na durƙusa zan fara gaisuwa. Mutum ne mai doguwar gaisuwa, sai ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa. Ran nan "lafiya" ɗaya ya ce, idonsa a ƙasa.

"Inna tana ciki?"

Na ce tana ciki. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin mahaifiyarsu, ya shiga, ya sauke labule. Ban ji abin da ya faɗa mata ba. Salatin Inna na ji, da wata irin murya da ban san tana da ita ba.

Mota ce ta buge maigidana a kan babur, ana gab da shiga Kabo, nan take ya cika. Mutanen wurin sun gane shi, suka kira wansa tun da shi ne mafi kusa. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Abin da nake tunawa daga wannan lokacin kaɗan ne. Farantin yana hannuna ban sake shi ba. Kaji sun taru a ƙafata suna jiran tsakuwar da nake zubarwa. Kuma a cikin ɗan shirun da ya ratsa tsakanin salatin Inna da shigowar maƙwabta, ina jin ƙugin na'urar daga ɗakinsa, tana ta yi kamar yadda ya bar ta da safe.

Sai na faɗi ko wace na'ura ce.

Maigidana yana aiki da wani Alhaji mai sayar da iri da taki da maganin feshi. Yana da shago a Gwarzo, yana da wani a Kabo, yana kuma da wakilai a Kutama da Unguwar Tudu da wasu ƙauyuka. Da can kowa a kansa yake riƙe aikinsa. Maigidana ne ya haɗa musu wuri ɗaya da kowa zai riƙa ajiye abin da ya gani, ya kuma ga na 'yan'uwansa ta waya. In tsutsa ta faɗa wa masara a Kutama, wakili ya ɗauki hoton ganyen ya saka, na Kabo ya gani, a faɗi abin da aka gwada bara da yadda ta kaya. Da yake da yawa daga cikin manoman karatun boko bai dame su ba, sai ya riƙa ɗaukar bayani da muryarsa yana sakawa, wakili ya kunna musu a bakin gona. Shekaru ana tarawa. Duk wannan a cikin akwatin ƙarfe ɗaya yake, baƙi, tsayinsa bai kai gwiwata ba. Shi da Turancinsa saba yake ce mata. Ni na'ura nake cewa. Inna kuwa ta sa mata suna firjin da ba ya sanyaya ruwa.

A gidanmu aka ajiye ta saboda shagon kasuwa zafi gare shi, ga ɓeraye, ga rashin wuta. Aka kafa sola a kan rufinmu, aka jera batura da inbata, mai raba wutarsu zuwa gidan, a ɗakinsa. Gidan duka ya samu haske a dalilinta, amma kowa ya san ita ce ta fari. Ni ce mai lura da wutar in ba ya nan. Na san lokacin da ake kashe fanka, na san in hadari ya kwana biyu sai an tayar da ƙaramin janareta an jona wayarsa a cikin ɗakin, batura su sha. Shi ya sa yake ce mini Manaja.

Tun rani yake maganar ƙara mata girma. Ya ce manhajar da ke cikinta ƙaramar ce, akwai babbarta. Da babbar, wakili zai rubuta "tsutsar masara" kawai, duk abin da aka taɓa faɗi a kanta ya fito masa, hoto da murya, ba sai ya kira maigidana yana cikin cin abinci ya ce a nemo masa ba. Alhaji ya yi ta jan ƙafa, bai sayo lambar da ake buɗe babbar da ita ba sai da damina ta yi tsakiya.

Na tambaye shi ko aikin mai wuya ne. Yana shan koko ya ba ni amsa.

"Kin ga yadda ake yi wa ɗaki sabon rufi? Sai an yaye tsohon tukuna. Tsakanin yayewa da bugawa, ɗaki a buɗe yake, sama tana kallonsa. Kuma wannan, da zarar na sa mata lambar, ba ta komawa ƙaramar. Gaba kawai."

Na ce, "A tsakiyar damina za ka yaye rufi?"

Ya yi dariya har koko ya sarƙe shi. "Manaja, ai don haka aka ɗauke ki aiki."

Safiyar ranar, yana dawowa daga masallaci ya zauna a gabanta. Rana ta ɗan ɗaga ya kira ni. A allon akwai wani layi da yake cika a hankali, ya wuce rabi. Ya ce yanzu tana kwashe tsofaffin kaya tana mayar da su sabon wuri, in ta kai wani mataki za ta tsaya ta jira shi ya ƙarasa da hannunsa. Kafin ya fara ya kwafe komai a wani ɗan filas na ajiyar bayanai da bai fi yatsa ba. Yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa, kwafi ba ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da na'urar. Zai kai shagon Kabo ya dawo kafin azahar.

Na ce ya bari ta gama mana.

Ya ce, "Ai don ba ta gama ba nake so ya bar gidan." Ya jefa filas ɗin a aljihun gaban rigarsa, ya ɗauki hula. A bakin ƙofa ya juyo. Ba dariya a fuskarsa wannan karon. "Kada a kashe ta. Ko wuta ta yi ƙasa, ki kashe fanka, ki kashe firji, ki kashe ƙwai, ita ki bar ta. In ta mutu a tsakiyar nan, ban san me zan tarar ba. Amana, Manaja."

Na ce to. Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Kafin la'asar an kai shi. Ni ina ɗakin Inna a kan tabarma, mata sun kewaye ni, an yafa mini wani babban mayafi da ba nawa ba. Ƙofar ɗakin Inna tana kallon ta ɗakinsa. Da maza suka dawo daga maƙabarta, na ga Yaya Malam ya shigo tsakar gida shi kaɗai, ya nufi ɗakin.

Gidansu gidan malamai ne, kuma suna da wata al'ada da suka gada. In mutum ya cika, babban namiji a gidan yakan shiga ɗakinsa ya hure fitila, domin man da ya rage a cikinta ya tashi daga na mamaci ya zama na magada, ba a ƙona shi ba da izininsu ba. Haka aka yi da mahaifinsu ya rasu, lokacin ana kunna aci-balbal. Maigidana ya taɓa ba ni labarin, yana yaro yana kallo, ya ce duhun ɗakin ya fi ba shi tsoro a kan gawar. Yanzu ba fitilar mai, amma al'adar tana nan. Na ga Yaya ya kashe ƙwai. Na ji fanka ta tsaya. Sai ya sunkuya yana bin wayar na'urar da hannu, yana neman inda ta shiga bango.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Matar da mijinta bai yi yini a ƙasa ba, ba ta tashi daga tabarma, balle ta fita tsakar gida. Na ji ɗakin ya yi tsit a bayana. Na tsaya a bakin ƙofar Inna, kuma da yake ban taɓa yi wa Yaya magana kai tsaye a kan wani abu da ya wuce gaisuwa ba, sai na juya wajen Inna.

"Inna, ki ce wa Yaya ya bar ta. Ya ce kada a kashe."

Yaya ya ɗago. Shi ma Inna ya kalla.

"Inna, wutar da take ci ta wace ce?"

Na ce wa Inna, "Hasken rana ne."

"Rana ta Allah ce," in ji shi a hankali. "Baturan fa?"

Na farko Alhaji ne ya kawo su. Da suka yi rauni, maigidana ne ya canza wasu, ban kuma san ko daga aljihunsa ba ne.

"Batir yana cinyewa in ana aiki da shi?"

Na ce yana rauni.

"To kin gani. Akwai marayu biyu a gidan nan."

'Ya'yana yake nufi. Ba da faɗa ya faɗa ba. Idonsa ja ne, kuma akwai jar ƙasar maƙabarta a gwiwar wandonsa, shi ya shiga ramin ya karɓi ƙaninsa. Inna ce ta taso, tana dafa bango.

"Kai, ka bar masa firjinsa. Yarinyar nan ta ce ya bar magana. Maganar mamaci kuma ai ba a taka ta tun ƙasarsa ba ta bushe ba."

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya saki wayar ya miƙe.

"Na bar ta. Amma ɗakin zan rufe. Duk wanda yake da haƙƙi a cikinsa ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu. Kafin nan ko tsinke ba ya fita, ba kuma mai shiga."

Ya ja ƙofar, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Na koma tabarma ina jin na yi nasara. Sai can da yamma, ina alwala, na tuna wayar janareta a cikin ɗakin ake jona ta.

Kwanakin zaman makoki gidan ya cika. Kowace mace ta zo da waya, kowace waya kuma da yunwa ta zo. Kafin in ankara an jera su a soket ɗin ɗakin Inna kamar 'yan tsaki a kan kasko. Na sa aka cire. Na kashe firji, na raba ƙanƙarar da ta rage. Na hana kunna fanka. Wata gwaggonsu daga Unguwar Tudu, mace mai jiki, tana fifita da murfin kwano, ta dube ni.

"Ke 'yar nan, takaba kike yi ko gadin wuta? Gidan mai kwamfuta guda, a ce mutum ya rasa inda zai sa caji?"

Wata ta ce, "Ki bar ta, Gwaggo, zafin rabuwa ne."

"Zafin rabuwa daban, wannan zafin da nake ji daban."

Har Inna sai da ta murmusa. Ni ma na so in yi, amma kunnena yana wajen ƙofar can. In gidan ya ɗan lafa, ƙugin yana fitowa ta ƙarƙashinta, siriri, ba ya hawa ba ya sauka. Na kan ce a raina, ta kai inda za ta tsaya, tana jiransa.

Na roƙi Inna ta tambayi Yaya abin da aka dawo da shi daga wurin hatsarin. Ya aiko da leda. Waya a fashe, hula, makullin babur, da rigar a yage tun daga wuya. Na sa hannu a aljihun gaba. Ya ɓalle ta ƙasa, yatsuna suka fita ta ɗaya gefen. Aka ce inda ya faɗi akwai kwata cike da ruwan sama, kuma an yi wani ruwan da daren. Ban gaya wa kowa abin da nake nema ba. Na ninke rigar. Daga nan na san abin da ke bayan ƙofar can ba shi da na biyu a duniya.

Ranar sadakar uku Alhaji ya shigo yi mana gaisuwa. Aka tsayar da shi a bayan labule da mutanensa, ina ganin ƙafafunsu kawai. Ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa, na tattara ƙarfina.

"Alhaji, na'urar tana kunne."

"Haba, Hajiya. Haba. Wace na'ura? Mutum muka rasa."

"Aikin bai gama ba, ya ce..."

"Wallahi ko shagon ne ya ƙone ƙurmus, ba zan ɗaga maganarsa a gidan nan yanzu ba. Me za a ce da ni? An binne yaro shekaranjiya, Alhaji ya zo kwasar kayansa? Ki kwantar da hankalinki. A yi bakwai tukuna, komai zai bi."

Ya ɗauka haƙuri nake ba shi don aikinsa ya tsaya. Mutanensa suka ce, "Gaskiya ne, Alhaji, Allah Ya saka." Ƙafafun suka juya. Akwai maza a tsaye, akwai mata a zaune suna saurare, ni kuma muryar da aka yarda mai takaba ta yi amfani da ita na riga na ƙarar. Alhaji bai san maganar rufin da aka yaye ba. Mu biyu muka sani, ɗayan kuma yana maƙabarta.

Washegari marka ta sauka.

Duk wanda ya yi damina a ƙasarmu ya san ta. Ba tsawa, ba iska, yayyafi ne kawai da ba ya ɗaukewa, sama ta yi fari fat kamar an shimfiɗa mata zane. Manoma suna son ta. Baƙin da suka rage suna ta cewa alhamdulillahi, gero zai sha. Ni ina leƙa rufi ina kallon faifan sola, ruwa yana gangara a kansu, ba abin da suke samu.

Yinin farko ba abin da ya canza. A na biyu, da hantsi, na ji ƙarar da nake tsoro. Inbata ce. In batura suka yi ƙasa takan yi ɗan kuka, ƙit, ta yi shiru mai tsawo, ta sake. Da yana nan, kukan farko zai ce, "Manaja, yarinyarki tana kira," in je in ja janareta. Janaretan yana nan a rumfa, da mai a cikinsa. Tsakaninsa da inda za a jona shi taku kaɗan ne da ƙofa ɗaya.

Na ce wa Inna ta kira Yaya, ya riga ya koma Masanawa. Ta sa wayar a kunne, tana ɗaga murya yadda take yi kullum kamar daga nan za ta jiyar da shi.

"Ta ce firjin yana kuka. Eh, kuka. Ka zo da makulli."

Ina jin amsarsa daga inda nake. Ya ce hanya ta ɓaci, babur ba ya fita, da ruwa ya ɗauke zai zo. Sannan ya ƙara da cewa, "Inna, ki ce ta kwantar da hankalinta. Na'ura ce. In ta mutu a sake kunna ta."

Haka kowa ya sani. Rediyo ya mutu a kunna, waya ta mutu a sa caji. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin. Na dai rasa kalmomin da zan sa a bakin Inna su isa Masanawa da ma'anarsu.

Kukan ya riƙa matsowa kusa da juna. Na kashe ƙwan ɗakin Inna, wanda shi kaɗai ya rage, muka koma tocila. 'Yata ƙarama ta tambaye ni ko tsuntsu ne aka kulle a ɗakin Abba. Na ce ba tsuntsu ba ne. Ta ce to me ya sa yake kira.

Kashegari da safe ruwan yana nan. Bayan na idar da walaha na fita tsakar gida, na ɗauki taɓarya a jikin turmi. Kwaɗon ƙarami ne, irin na akwatin makaranta, bugu ɗaya ya ishe shi. Na tsaya a gaban ƙofar ruwa yana jiƙa mini mayafi. Ban ji fitowar Inna ba sai da ta yi magana a bayana.

"'Yar nan."

Ban juya ba.

"In kika fasa ƙofar nan, ba wanda zai ce na'ura kika je ceto. Za a ce ba a yi bakwai ba matar ta fasa ɗakin miji. Ni na san ki. Garin bai san ki ba. Kuma 'ya'yanki mata ne, da wannan maganar za su girma."

Na ce, "Inna, amana ya ba ni."

"Na sani. Su ma amana ya bar miki."

Ta miƙo hannu. Tsohuwa ce, taɓaryar ta fi ƙarfinta, da na ba ta sai da ta jingina ta da bango. Muka tsaya mu biyu a cikin yayyafin. Sannan ta koma ɗaki ta fito da 'yar kujera ta tsugunno, ta ajiye mini a ƙarƙashin indararo inda ruwa ba ya kaiwa sosai, daf da ƙofar.

A nan na yini. Na yi azahar a nan. Kukan inbatar ya zama ba tsayawa, ƙit ƙit ƙit, ƙugin na'urar yana ƙarƙashinsa yadda yake tun ranar farko. Na jingina kaina da ƙyauren, ina jin ɗan motsinta a katakon. Ban yi addu'ar komai ba sai ta rana. Wajen la'asar sama ta ɗan yi haske ta yamma, har na ga inuwar turmi a ƙasa, na miƙe tsaye. Hasken bai daɗe ba ya rufe.

Inbatar ta ja kuka ɗaya mai tsawo, ta yanke. Ƙugin ya sauka a hankali, kamar fanka in an ɗauke wuta, ya tsaya.

Tun da aka kawo na'urar gidan nan ban taɓa jin shirun gidan ba. Na ji ɗigar ruwa a bokiti. Na ji akuyar maƙwabta. Ranar da aka fita da shi ban yi kuka sosai ba, har mata suna yaba haƙurina. A kan kujerar nan na yi shi. Abu na ƙarshe da hannunsa ya tayar a duniya shi ne ya tsaya, ina zaune a bakin ƙofa.

Da safe rana ta fito tas. Yaya Malam ya iso wajen hantsi, taɓo har gwiwa, ya turo babur ɗin da hannu a wurare da yawa. Ya yi sallama, ya shigo da makullin a hannu, ya tsaya a tsakar gida. Na ga yana saurare.

"Ta yi shiru," in ji shi.

Inna ta ce, "Tun jiya."

Ya juya makullin a tafin hannunsa. "In buɗe a kunna?"

A karo na farko na amsa masa kai tsaye. Na ce a bar ta, kada a taɓa, sai wanda ya san aikin ya zo.

Bayan bakwai Alhaji ya zo da shaidunsa, ya faɗi abin da yake nasa, aka buɗe ɗakin. Kofin kokon yana kan tebur, ya bushe. Alhaji ya kawo wani injiniya daga Kano, mutum mai yawan shiru. Ya kunna ta, ta tashi da ƙuginta kamar ba abin da ya faru, har Alhaji ya ce alhamdulillahi. Injiniyan ya zauna a gabanta. Ya daɗe yana dannawa. Sannan ya tambaya ta bayan labule ko marigayin ya yi kwafi kafin ya fara. Na ce ya yi. Ya ce yana ina. Na gaya masa.

Ya yi bayani da Turanci rabi da Hausa rabi. Abin da na fahimta shi ne, ba ta tsaya ta jira ba kamar yadda muka zata, kayan sun yi yawa, tana kan kwashewa a hankali wutar ta yanke. Ƙaramar ta tafi, babbar ba ta zauna ba. Kayan suna ciki, wasu a tsohon wuri, wasu a sabo, wasu a tsakani. Ya ce mai yiwuwa a ceto wani abu, mai yiwuwa a ƙara lalatawa garin cetowa, ba zai yi alkawari ba. Alhaji ya tambaye shi muryoyin fa. Ya ce su ma suna cikin abin da ba zai yi alkawari a kai ba.

Yaya Malam yana zaune a bakin ƙofa duk lokacin. Da injiniyan ya fita, ya ce, ba tare da ya kalli labulen ba, "Abin da na sani na yi."

Na ce, "Na sani, Yaya."

Wakilan sun koma kiran juna a waya kamar da. Na Kutama ya zo gaisuwar arba'in, ya ce manoma suna tambaya a kunna musu muryar marigayin ya yi musu bayanin feshi, yana ce musu sai an gyara. Injiniyan ya ce a kai masa ita Kano in an shirya. Alhaji ya ce sai na yarda, tun da ya ji yadda aka yi. Ni kuma duk lokacin da aka tayar da maganar sai in tuna ya ce mai yiwuwa a ƙara lalatawa, in ce a bari tukuna. Muddin ba a taɓa ta ba, muryarsa tana ciki.

Na fita takaba, an raba gado, baturan biyu sun faɗo a rabon 'ya'yana. Na'urar tana ɗakinsa, na rufe ta da zane saboda ƙura. Aikin yana nan inda ya tsaya, ba a ƙarasa shi ba.